Goran Hausar Sallau

Ku gyara zama ku ji abin da ya faru a Zangon Maje, wani gari da ke kan hanyar fatake tun zamanin da ake bin ƙasa da jakuna zuwa Gwanja. A garin nan aka yi wata mata mai suna Gwamma, wadda Allah ya hore wa haƙuri da iya tuwo da tsabta, amma ya hana ta kunnen yare. Ba sharri nake yi mata ba. Matar nan ta bi mijinta Gwanja tun tana amarya, ta zauna can har furfura ta fara leƙo mata, ta dawo gida ba ta iya ko sannu da yaren mutanen ba. Sau ɗaya ta taɓa gwada gaisuwa a bakin rijiya, matan garin suka kwashe da dariya, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, daga ranar ba ta sake ba. In za ta sayi manja sai dai ta nuna da yatsa.

To, ka ji ikon Allah, wai wannan matar ce ta haifi Sallau.

Sallau shi ne ɗanta na fari, shi kaɗai kuma ya rayu mata. Tun yana yaro in magana ta gilma ta kunnensa to ta zauna ke nan. Ya kwashe yaren Gwanja wajen wasan ƙasa, ya ɗauki Yarbanci a bakin masu goro, Barbarci a bakin masu kanwa, Buzanci a wurin masu raƙuma, Fulatanci kuwa wajen sayen nono ya tsince shi. Kuma shi ba ruwansa da kunyar kuskure. Zai tari baƙo da guntuwar magana karkatacciya, a yi masa dariya ya taya, kafin baƙon ya ɗaure kaya sun koma hira kamar 'yan ɗaki ɗaya. Da ya girma aka naɗa shi tafintan kasuwa, ba a ƙulla ciniki da baƙo sai yana wurin.

Gwamma kuwa, saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan." In ya zo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice, in ya fita ta bi bayansa da ido har ya ɓace. Kowa ya san son da take yi masa ya fi ƙarfin faɗa, don haka ba wanda ya ga laifinta. Haka iyayenta suka yi, haka ta tarar.

A bayan gari akwai wata tsohuwar marina da aka daina rini a cikinta. Wata rana da tsakar rana Sallau ya biyo ta wurin, sai ya ji magana tana fitowa daga rijiyar baba, wato ramin da ake rina shuɗi, wata irin magana mai kama da ƙarar ruwa in yana shiga tulu. Ya tsaya cak. Duk yarukan da ya sani babu mai kama da wannan. Ya karkata kai yadda ya saba in ya ji sabon yare, ya gwada maimaitawa, bai yi daidai ba. Muryar ta sake faɗa masa a hankali. Baba Nomau, wani tsohon marini da ke hutawa a gindin gawo, ya zabura yana ihu, "Kada ka maimaita! Sallau, kame bakinka!" Ina! Yaron ya riga ya faɗa, tsaf kamar a can aka haife shi. Ruwan baba ya taso daga busasshiyar rijiya ya naɗe shi ya koma da shi. Takalmansa kaɗai aka tarar.

Baba Nomau ne ya kawo takalman gidan Gwamma, jama'a na biye da shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Gwamma, sai haƙuri. Mutanen Birnin Dalhama ne, aljanu masu tara harsunan 'yan Adam. Kakana ya ba ni labarinsu. Duk wanda ya maimaita kiransu daidai ya zama nasu. Yarensu kuma in ya shiga bakin mutum sai ya riƙa korar waɗanda ya tarar ɗaya bayan ɗaya, na uwa shi ne ƙarshen fita."

Wani daga cikin jama'a ya ce, "Ba yadda za a yi a karɓo shi?"

"Akwai," in ji Nomau, sai ya sunkuyar da kai. "Wadda ta haife shi kaɗai ke da wannan iko. Ta tsaya gaban sarkinsu ta nemi ɗanta da yarensu, sannan ta kira shi da sunansa ya amsa."

Duk matan duniya a rasa wadda wannan kaya zai faɗo wa sai Gwamma! Ita kuwa ko kuka al'ada ba ta ba ta damar yi a gaban mutane ba. Ta ce, "Allah ya kyauta," ta karɓi takalman ta shiga ɗaki. Washegari da rana ta take, ta ƙulle su a bakin zaninta, ta je tsohuwar marina, ta yi bisimilla ta zura ƙafa.

Ta yi ta faɗawa cikin shuɗi har ta fid da rai da taɓa ƙasa, sai ta ji ta dira a kan wani rairayi mai laushi kamar toka. A gabanta ga daji, a bakin dajin ga wani aljani zaune, ya shimfiɗa kunnensa ɗaya ya zauna a kai, ya yafa ɗayan. Ya ciro ɗan gora daga ɗamararsa ya kurɓa, sai ga Hausa tana fita daga bakinsa da muryar wani tsoho da ba tasa ba.

"Ya ke 'yar Adam, ni ne Ma'aunin Kunne. Ba na hana kowa wucewa, awo kawai nake yi. Me kike nema a ƙasar da ba taki ba?"

Gwamma ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, wani yaro na biyo."

"To saurara. Zan faɗa miki kalma biyu. Ta farko tana nufin hanya, ta biyu tana nufin ƙaya. Itatuwan dajin nan za su riƙa faɗa miki su a kowace mararraba."

Ya faɗi ta farko, ya faɗi ta biyu. Gwamma ta kasa kunne iya ƙarfinta, ya sake faɗa, ta sake saurare. Can ta ce, "Ranka ya daɗe, ka gafarce ni, ai ni duk ɗaya na ji."

Aljanin ya kama kanta ya leƙa kunnenta, ya girgiza kai. "Kunnen yaro ɗanyen yumɓu ne, duk abin da aka danna masa sai ya kwanta. Naki an gasa shi tuntuni. Wanda kika biyo ya bambance kalmomin nan tun ban rufe baki ba. Koma gida, ya ke 'yar Adam."

Ta yi godiya ta shiga dajin. Wayyo Gwamma! Itatuwa suna ta magana ta dama da hagu, suna nuna mata hanya da gaskiya, ita kuwa ba ta san wanne ke cewa me ba. Ta faɗa sarƙaƙiya ta fito, ta sake faɗawa wata. Da ta ga saurare ba zai fisshe ta ba sai ta rufe fuska da hannu ta miƙe sak, ƙaya na tsaga mata zani da fata, har ta ɓullo bakin wani kogi jini na bin ƙafafunta.

A bakin kogin ga jirgin katako, ga wata aljana mai fito wadda ba ta da baki a fuska, bakinta yana tafin hannunta. Ita ma ta zuba ɗan abin gora a tafin, ta ɗaga hannun ta ce, "Ya ke baƙuwa, ni ce Ma'aunin Riƙo. Jirgina da magana aka haɗa shi. Zan ba ki kalmomi ki riƙe har mu haye. Duk wadda ta kuɓuce miki, katako ɗaya zai fita daga ƙarƙashinki."

Ta jero mata kalmomin. Gwamma ta shiga jirgi tana ta nanata su a zuci. Ba su yi nisa ba ta nemi ta farko ta rasa, sai ji ta yi ɓaras, katako ya ɓalle ya bi ruwa. Tsoro ya kama ta, tsoron kuma ya kwashe mata ta biyu da ta uku. Kafin su kai tsakiya jirgi ya watse, aljanar tana tafiya a kan ruwa abinta, Gwamma kuwa tana shan ruwa tana rungume da katako ɗaya. Kalma ɗaya ce ta rage mata, ita ma don ta yi kama da ƙarar taɓarya a turmi ne. Ita ta riƙa faɗa har igiyar ruwa ta jefa ta gaɓa.

Aljanar ta tsaya a kanta ta buɗe tafi. "Riƙonki rariya ce. Wanda kika biyo ya haye ko tafin ƙafarsa bai jiƙe ba, har yana tambayata ƙari. Ki koma tun da sauran numfashinki."

Gwamma ta amayar da ruwa, ta taɓa ƙullin zaninta ta ji takalman suna nan. Ta miƙe ta ci gaba.

Ganuwar Birnin Dalhama shuɗiya ce, ƙofarta kuwa baki ce, ƙaton baki mai leɓɓa a rufe, kewaye da ƙananan bakuna barkatai. Mai gadinta wani dogon aljani ne mai ido ɗaya. Ya kurɓi gora ya ce, "Ƙofar nan ba ta buɗewa sai baƙo ya yi mata magana da yarenmu. Faɗi abin da kika iya."

Gwamma ta dubi bakunan nan, ta tuna matan bakin rijiya a Gwanja, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta tsaya nan har inuwa ta juya.

Mai gadi ya ce, "Ya ke 'yar Adam, na daɗe a bakin ƙofar nan. Na ga masu toshen kunne sun koyi yarenmu da daɗewa. Na ga masu mantuwa sun koya da naci. Amma wanda ke tsoron a yi masa dariya, ban taɓa ganin ya koya ba. Ke ba kunne, ba riƙo, ba ƙuruciya, ga kunya kamar ta kashe ki. Da me kika zo?"

Ta ce a hankali, "Ni na haife shi."

Mai gadi ya ce, "Wannan sunanta buƙata. Tana koyarwa, ba na musu. Sai dai a hankali take tafiya, yarenmu kuwa da sauri yake ci."

Gwamma ta runtse ido ta faɗi kalmarta ɗaya tilo, can ƙasa-ƙasa. Tirƙashi! Ƙananan bakunan suka fashe da dariya, babban ma ya kasa daurewa ya wangame yana ƙyaƙyatawa. Ta cikin dariyar nan ta bi ta shiga birni, mayafi a fuska, hawaye na zuba.

A ƙofar fada akwai wata itaciya da rassanta suka rufe rabin gari, kowane reshe an rataye masa goruna ba iyaka, suna ta gunaguni kamar kasuwa daga nesa. Mai kula da su wata tsohuwar aljana ce da ake kira Uwar Goruna. Ta dubi Gwamma sama da ƙasa, ta kurɓi Hausa ta ce, "Ke ce uwar sabon tafinta? Zo ki gani."

Ta kai ta wani reshe. Ga goruna a jere an toshe bakinsu da kakin zuma. "Wannan Buzancinsa ne, wannan Barbarci, wannan Yarbanci. Duk sun fita daga bakinsa sun taru nan, mu muke sha in za mu yi magana da baƙi." Ta nuna na ƙarshe, wanda bakinsa ke buɗe, wani abu yana ɗiga a ciki ɗis, ɗis. "Wannan Hausarsa ce. Ranar da ya cika za a toshe shi, daga nan ba ki da ɗa. Kada kuma ki yi tunanin sacewa, in ɗan Adam ya ciro shi fashewa zai yi, abin ciki ya bi iska."

Gwamma ta kara kunne a jikin goran, sai ta ji muryar Sallau ƙarama tana faɗin sunayen garuruwa da kalmomin ciniki. Ta zauna a ƙasa.

Ana haka sai aka buga tambari, Sarkin Dalhama ya fito da fadawansa, ga Sallau a bayansa cikin shuɗiyar riga. Yana ɗaga ido ya hango ta. Ya ratso fadawa a guje ya zube a gabanta.

"Inna! Ke ce? Inna, ta yaya kika... kika..." Ya tsaya yana laluben kalma, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. "Ƙafafunki duk jini."

Zuciyar Gwamma kamar ta tsage. Amma me kuke tsammani ta yi? Kau da kai ta yi yadda ta saba, ta dubi Uwar Goruna ta ce, "Ki gaya wa yaron nan ya bar takalmansa a bakin marina."

Uwar Goruna ta matso ta raɗa mata da sauri, "Ke, kira shi da sunansa yanzu! Suna ba ya shiga gora, a kunne yake zama tare da muryar da ta saba kiransa. In komai ya fita, sai muryar da ya sani kaɗai zai amsa wa. Kira shi tun yana gane ki!"

Gwamma ta buɗe baki. Sunan ya taso har maƙogwaro ya tsaya. Ga fadawa sun zuba mata ido, ga sarki, ga yaron kansa a durƙushe yana kallonta. Ta ce, "Ɗan fari ne. A gaban jama'a haka? Bari dai a watse."

Ba a watse ba. Dogarai suka zo suka ɗaga Sallau suka shige da shi fada yana waiwaye, daga ranar kuma aka hana shi fitowa inda take. Uwar Goruna ta yi tsaki ta ce, "Kin yi wa kanki."

Gwamma ta zauna a gindin itaciyar tana wanke sababbin goruna a ba ta abinci. A birnin nan ba a koya wa baƙo yare, sai dai ya tsinta da kansa. Abu ɗaya Uwar Goruna ta yi mata don tausayi, shi ne takan faɗi maganar neman ɗa da ƙarfi in tana aiki, kamar da kanta take, don Gwamma ta ji. Gwamma ta ji ta har ba adadi, amma a kunnenta kamar ruwan sama a kan rufin ɗaki, ba ta san inda kalma ta fara ba balle inda ta ƙare. Sai ta ɗauki abin a dunƙule kamar waƙar daka. Don kada a ji ta, takan cusa baki a cikin wofin gora ta yi ta gwadawa. Ta daɗe tana haka tana murna ta samu, ranar da ta faɗa wa Uwar Goruna, tsohuwar ta riƙe kai.

"Wannan ba yarenmu ba ne, ba na kowa ba ne. Gora zai gyara miki kuskure? Fita kasuwa ki faɗa a yi miki dariya, mai dariya shi ke nuna miki inda kika karkace."

Haka Gwamma ta fita kasuwar aljanu, tsohuwa da ita, ta riƙa tsayawa gaban masu rumfa tana faɗin maganarta. Suka yi dariya har suna faɗuwa, suka riƙa kwaikwayonta, wasu suka jefe ta da ɓawo. In sun kwaikwaye ta sai su faɗi daidai don su nuna wautarta, ita kuma ta tsinci ɗan abin da kunnenta ya iya kamawa. Ta gyara farko, ƙarshe ya zube. Ta kamo ƙarshe, tsakiya ta gudu. Wallahi ko maƙiyinta ya ga yadda take komawa gindin itaciya da yamma sai ya tausaya mata.

Goran kuwa bai jira ta ba. Kullum ta kara kunne sai ta ji abin da ɗanta ya rasa a ranar. Kalmomin kasuwa suka wuce, aka shiga na gona da damina. Aka zo kan tuwo da miya da sunayen maƙwabta. Wata rana ta ji wata 'yar waƙar reno da takan yi masa a ɗaki in ba kowa, wadda ta ɗauka bai ma san ta yi ba. Ta zauna ta yi kukan da ta hana kanta a Zangon Maje, ba mai rarrashi. Gashinta ya yi fari fat, idonta ya fara dushewa, magana kuwa har yanzu da gurguwar ƙafa take tafiya.

Ran nan da hantsi ta kara kunne, sai ta ji goran ya yi nauyi, kalma ɗaya kawai ke yawo a bakinsa. "Inna. Inna."

Ta juya ta ga Uwar Goruna ta ɗora kaskon kaki a wuta. Tsohuwar ba ta iya haɗa ido da ita ba, ta ce, "Ya cika. Kafin kakin nan ya narke, in kina da abin faɗa ki je ki faɗa."

Gwamma ta ruga fada, ta kutsa tsakanin dogarai ta faɗi gaban sarki. Sarkin Dalhama yana zaune a kan gadon baƙin dutse, gemunsa ya sauka har ƙasa ya naɗe ƙafafun gadon. A damansa ga Sallau tsaye, ya dube ta yadda ake duban baƙuwa. Aka shigo da goran da kaskon kaki aka ajiye a tsakiyar fada.

Ta miƙe. A wannan karon ba ta ja mayafi ba. Ta buɗe baki ta faɗi maganar neman ɗa da iyakar ƙarfinta, karkatacciya, mai ɗingishi, rabinta a haɗiye. Fada ta ɗauki dariya har ƙura na zubowa daga rufi. Ta tsaya ƙyam ta sake faɗa. Sarki ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya kurɓi gora ya ce, "Ya ke 'yar Adam, tun da aka kafa birnin nan ba a taɓa wulaƙanta yarenmu kamar yau ba. Amma mun gane abin da kike nufi, dokarmu kuma ganewa ta ce. Saura ɗaya. Kira shi, in ya amsa ki tafi da shi."

Gwamma ta juya ta fuskanci ɗanta. Rabon da ta dube shi ido cikin ido tun yana goye. Ta ce, "Sallau."

Sunan ya fito mata baƙo a baki, kamar ba shi take nanatawa a zuci ba tun yana jariri. Sallau bai motsa ba.

"Sallau!" Ta ɗaga murya. "Sallau, ni ce! Sallau, ɗana, ka amsa mini!"

Ta yi ta kira har muryarta ta dushe. Abin da ta tara a ciki tun ranar suna duk ta zazzage shi a fadar nan, ba ta bar komai ba. Sallau ya karkata kai gefe, yadda ya saba in ya ji sabon yare. Sunan yana nan a kunnensa da muryar 'yan kasuwa da ta abokai da ta Baba Nomau, amma da wannan muryar bai taɓa jin sa ba. Kaki ya narke. Uwar Goruna ta zuba shi a bakin goran.

Sarki ya ce, "Bai amsa ba, namu ne. Ke kuwa kin cika naki, hanya a buɗe take, ba ƙaya ba kogi. Tashi ki koma gida."

Gwamma ba ta tashi ba. Sai ga Sallau ya sauko daga gefen gado ya tako har inda take, ya tsuguna yana kallon bakinta da sha'awa irin ta mai son koyo. Ya ce, "Sallau." Ya faɗe shi da muryarta sak, har da dushewar da rawar kukan, bai bar komai ba. Sannan ya yi mata wata 'yar tambaya da yaren Dalhama.

Abin tausayi, wannan ce magana ta farko da Gwamma ta gane a birnin nan ba tare da wahala ba. Cewa ya yi, "Mene ne ma'anarsa?"

Ta lalubi amsa. Ta san kalmar gora, ta san ta ruwa, ta san ta wanki. Kalmar ɗa tana nan cikin maganar da ta haddace, amma a dunƙule take, ba ta san ta inda za ta ɓalle ta ba. Sai ta kwance bakin zaninta ta ciro takalman ta ajiye a gabansa, ta ɗora tafinta a ƙirjinsa ta ce, "Sallau."

Ya dubi hannun, ya dube ta, ya maimaita.

Uwar Goruna ta dafa kafaɗarta ta ce, "Tashi ki tafi, baiwar Allah. Kunnensa na nan yadda yake, zai ɗauki duk abin da kika ba shi. Amma abin da kika zuba masa da rana, kafin wata ranar ya ɗige a sabon gora."

Gwamma ta ce, "In ya ɗige in sake zubawa."

Sarki ya dube ta, sannan ya ba da izini a riƙa fito mata da shi gindin itaciya kullum in rana ta take.

Ba ta koma Zangon Maje ba. Baba Nomau ya yi ta zaman jira a gindin gawo har ƙarfinsa ya ƙare, shi ne kuma ya fara jin abin, ya kira mutane suka ji da kunnensu. In rana ta take, daga cikin busasshiyar rijiyar baba, sai ka ji muryar tsohuwa ta ce, "Sallau." Sai a ɗan yi shiru, sannan wata murya ta maimaita a hankali, irin maimaitawar wanda yau ya fara jin kalmar. Matan garin da suka san Gwamma, waɗanda ba su taɓa jin sunan nan a bakinta ba, in sun biyo ta wurin sukan sauke tulunansu su tsaya har ta gama.